Ware fasinja a filin jirgi saboda launin fata ko kamanni: yana kare rai kuwa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, nakan fita waje sau biyu ko uku a shekara. A tafiyata ta ƙarshe, a wani filin jirgin sama na Turai, an fitar da mu daga layi mu uku, dukkanmu baƙar fata, biyunmu da gemu. Aka zazzage mana jakunkuna, aka lalube mu, Turawan da ke bayanmu suna ta wucewa. Da na dawo na ba wani aminina labari, sai ya ce kada in ga laifinsu. Wai yawancin waɗanda suka kai hari a jirage Musulmi ne, don haka hankali ma ya ba da a fi matsa wa mai kama da su, maimakon a ɓata lokaci a kan tsohuwar Baturiya mai dogara sanda. Maganar ta yi mini zafi, amma na rasa abin da zan ce masa. Malam, kai da ka san aikin nan, ka gaya mini gaskiya ba don ka lallashe ni ba: wannan hanya tana aiki?

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya huci zuciyarka.

Ba ta aiki. Kuma zan fara da ajiye batun adalci da mutunci a gefe, don na san amininka zai ce rai ya fi mutunci, gara a wulaƙanta mutum dubu da jirgi ɗaya ya faɗo. Da a ce hanyar tana hana jirgi faɗuwa, da muhawarar ta yi nauyi. Matsalar ita ce ko a ma'aunin tsaro zalla, faɗuwa take yi.

Amininka yana da gaskiya a abu biyu, kuma bai kamata mu ƙi faɗa ba. Mutum 19 da suka kai harin 11 ga Satumba 2001 duk Larabawa ne Musulmi, 15 daga cikinsu 'yan Saudiyya. Kuma lokacin ma'aikatan bincike ƙayyadadde ne, ba za a iya kwance wa kowa jaka ba. Daga nan ne lissafinsa ya kauce.

Tambayar da nakan fara yi wa masu wannan ra'ayi ita ce: wace fuska za a ce wa ma'aikaci ya nema? Musulmin duniya sun kusa biliyan 2, Larabawa kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin biyar nasu. Ƙasar da ta shahara da yawan Musulmi Indunusiya ce. Akwai Musulmin Bosniya da Albaniya da Checheniya, fararen fata fes. A ɗaya gefen, Kiristan Labanan da Kibɗawan Masar ba ka bambanta su da maƙwabtansu Musulmi da ido. Kwana huɗu bayan harin Satumba, a jihar Arizona, wani ya harbe wani ɗan asalin Indiya mabiyin addinin Sikh don ya gan shi da rawani da gemu. Kama da wane ba ta wane. Wata uku bayan haka, ranar 22 ga Disamba 2001, Richard Reid ya shiga jirgi daga Paris zuwa Miami da bam a takalminsa. Haifaffen Ingila ne, da fasfon Birtaniya, da sunan Turawa, uwarsa Baturiya, ubansa ɗan asalin Jamaika.

Sai batun adadi. Hukumar binciken fasinja ta Amurka, TSA, tana tantance fiye da mutum miliyan 2 a kowace rana. Masu niyyar tayar da bam a jirgi kuwa, ko a shekara goma kaɗan ne ƙwarai. Mu ƙaddara, don misali kawai, Musulmi miliyan 10 sun ratsa filayen jirgin wata ƙasa cikin shekara, mutum ɗaya ne mai mugun nufi a cikinsu. Idan aka ce a tsananta wa kowannensu, an tara wa ma'aikata aikin mutum miliyan 10 don neman ɗaya. Ma'aikacin da ya lalube mutum dubu biyar bai samu komai ba, hannunsa ne kawai ke aiki, hankalinsa ya tafi. Kuma duk mintin da aka ɓata a kan jakarka, daga rabon wata jaka aka yanke shi. Wannan ne abin da masu goyon bayan hanyar suke mantawa: tsananta wa wani ɓangare daidai yake da sassauta wa ɗayan. Ka buɗe layi biyu ke nan, mai tsauri da mai sauƙi, ka kuma sanar da duniya wa ke bin kowanne.

To abokin gaba yana kallo, kuma yana da wayo. Ranar 30 ga Mayu 1972, jami'an filin jirgin Lod na Isra'ila hankalinsu yana kan Larabawa. Sai ga samari uku 'yan Japan sun sauka daga jirgin Faransa, suka ɗauki jakunkunansu, suka zaro bindigogi da gurneti. Mutum 26 suka mutu, akasarinsu Kiristoci masu ziyarar ibada daga Puerto Rico. Wani ɓangare na wata ƙungiyar Falasɗinawa ne ya tsara harin, ya nemo fuskokin da ba za a zarga ba.

Amma labarin da ya fi dacewa da tsohuwar Baturiyar amininka shi ne na Anne-Marie Murphy. 'Yar ƙasar Ayalan ce, tana aikin gyaran ɗakuna a wani otel a Landan, tana ɗauke da juna biyu. Saurayinta, Nezar Hindawi, ɗan Jodan, ya ce ta yi gaba zuwa Isra'ila za su yi aure, shi zai biyo baya. Ya ba ta jaka. Ranar 17 ga Afrilu 1986 ta isa filin jirgin Heathrow na Landan za ta hau jirgin El Al, kamfanin jiragen Isra'ila, mai ɗauke da mutum kusan 375. Ma'aikacin kamfanin ya yi mata tambayoyi, ya kwashe kayan jakar, ya ji har yanzu da nauyi. A ƙarƙashinta aka samu abin fashewa kimanin kilo ɗaya da rabi, an kuma ɓoye na'urar tayar da shi cikin kalkuleta. Baiwar Allah ba ta san komai ba. Ba ta rawar jiki, ba ta gumi, domin a zuciyarta amarya ce za ta ɗaurin aure. Kotun Birtaniya ta ɗaure Hindawi shekara 45. Ka duba da kyau, Alhaji: farar mace, Kirista, mai ciki. Duk wani ma'auni na kamanni zai ce ta wuce. Irin wannan ne ya sa ake tambayarka ko kai ka shirya jakarka da kanka, ko wani ya ba ka saƙo.

A watan Agustan 2004 mata biyu 'yan Checheniya suka tarwatsa jirage biyu da suka tashi daga Mosko a dare ɗaya. Mu kuma a Arewa ba ma bukatar a ba mu labari. Da jami'an tsaro suka matsa wa samari a shingayen bincike, daga 2014 Boko Haram ta koma ɗaura wa mata da ƙananan yara bam, a Gombe, a Kano, a Maiduguri. Kiɗa ya canja, rawa ta canja. A 2002 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT ta Amurka sun nuna da lissafi yadda abin yake da sauƙi: ƙungiya ta tura mutanenta su yi ta tafiye-tafiye ba ɗauke da komai ba, ta lura da wanda ake warewa da wanda ba a taɓa warewa, ranar aiki sai ta tura na biyun. Zaɓen da kwamfuta ke yi kamar ƙuri'a, wanda zai iya faɗawa kan kowa, shi ne ba a iya yi wa wannan dabara, don ba wanda ya san gobe kan wa zai faɗa.

Yanzu bari in zo kan labarin da ya shafe mu kai tsaye, wanda a ganina shi kaɗai ya isa amsa.

Ranar 25 ga Disamba 2009, Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam da ya ɓoye a kamfai, cikin jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit da mutum kusan 290. Me aka sani game da shi kafin ya hau? A watan Nuwamba, mahaifinsa, Alhaji Umaru Mutallab, dattijo sananne, tsohon shugaban hukumar gudanarwar First Bank, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya ce ɗansa ya shiga tsattsauran ra'ayi, yana Yaman, ya yanke hulɗa da gida. Tun a watan Mayu Birtaniya ta hana shi biza. Masu leƙen asirin Amurka sun tsinci zancen 'yan Alƙa'ida a Yaman suna ambaton wani ɗan Najeriya da ake shiryawa. An sayi tikitinsa da tsabar kuɗi a Accra. Duk da haka, sunansa ya tsaya a wani babban kundi mai suna kusan 550,000, bai kai ga jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba, wanda a lokacin bai wuce suna 4,000 ba. Ba a soke bizarsa ba. Binciken da fadar shugaban Amurka ta yi daga baya ya nuna har kuskuren rubuta sunansa aka yi wajen dubawa, shi ya sa da farko ba a gane yana da biza ba. Shugaba Obama da kansa ya amsa cewa bayanan suna hannu, haɗa su ne aka kasa.

Ga suna, ga uba ya kawo ƙara, ga ƙasar da yaron yake. Ba a bukatar duba fatar kowa. To me aka yi bayan haka? A farkon Janairun 2010 Amurka ta fitar da jerin ƙasashe 14 da za a tsananta wa matafiyansu bincike, har da Najeriya, Sudan, Somaliya, Aljeriya, Libiya, Saudiyya, Yaman da Pakistan. An bar jaki ana dukan taiki. Ministar yaɗa labarai ta lokacin, marigayiya Dora Akunyili, ta fito ta ce rashin adalci ne a hukunta mutum miliyan 150 saboda mutum ɗaya. A watan Afrilu, wata uku kacal, Amurka da kanta ta janye tsarin, ta koma amfani da bayanan sirri a kan matafiya ɗaiɗaiku. Da tsarin yana nan a 2001, ai Richard Reid da fasfonsa na Birtaniya ba zai shiga ciki ba.

Ko harin Satumba haka yake. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta san biyu daga cikin maharan, Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi, tun kafin harin, amma sunayensu ba su isa ga masu kula da jirage ba. Kuma kwamfutar tantance fasinja ta ware kusan rabin maharan a safiyar ranar. Abin da doka ta tanada a lokacin shi ne kawai a riƙe kayansu har sai an tabbatar sun shiga jirgi.

Idan ka duba abin da ya hana hare-hare a zahiri, za ka ga hanya ɗaya suke bi. Shirin tarwatsa jirage da ruwan sinadarai a cikin robobin lemo, wanda aka bankaɗo a Ingila cikin Agustan 2006, kuma ya jawo dokar hana fasinja shiga jirgi da ruwan da ya wuce mililita 100 a mazubi ɗaya, 'yan sanda da masu leƙen asiri ne suka yi watanni suna bibiyar mutanen. Bama-baman da aka ɓoye cikin na'urar buga takardu daga Yaman a Oktoban 2010, hukumar leƙen asirin Saudiyya ce ta ba da labarinsu, aka tsare ɗaya a Dubai, ɗaya a Ingila. Reid da Umar Faruk kuwa, bama-bamansu ne suka ƙi tashi yadda aka so, fasinjoji da ma'aikatan jirgi suka danne su. Sai ƙofar ɗakin matuƙa da aka ƙarfafa bayan 2001, wadda ta sa ƙwace jirgi ya yi wuya ƙwarai.

Na san amininka zai ce, to Isra'ila fa? Gaskiya ne, filin jirgin Ben Gurion yana da tsauri, kuma an daɗe ba a sace jirgin da ya tashi daga can ba. Gaskiya ne kuma suna bambanta Bayahude da Balarabe, har an kai ƙara kotun ƙolin ƙasar a kan haka. Sai dai ana yi wa kowane fasinja tambaya, ga shingaye tun daga hanyar shiga, ga bayanan sirri, ga jami'ai masu makami cikin jirgi. Da wuya a ce ga kason da wariyar ta ƙara a kan waɗannan. Abin da muka sani shi ne babbar nasararsu, ta Anne-Marie Murphy, a kan farar mace aka same ta, ta hanyar tambaya da duba jaka. Kuma ƙasa ce mai babban filin jirgi guda, wanda fasinjojinsa na shekara ba su kai abin da Amurka ke tantancewa cikin mako biyu ba.

Wasu sukan ce to a bar fata, a duba hali: wanda ke gumi, wanda ke kawar da ido. Nan ma a yi hattara. Amurka ta gwada, ta kashe kusan dala miliyan 900 daga 2007, sannan a 2013 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokinta ya ce babu hujjar kimiyya da ta nuna ana gane mai mugun nufi ta haka, iyawar ɗan Adam wajen gane maƙaryaci da ido ba ta fi canki-canka da wani abin kirki ba. Tun a 2012 ma'aikata fiye da 30 a filin jirgin Boston suka kai ƙorafin cewa shirin ya rikiɗe ya zama farautar baƙaƙe da 'yan Latin Amurka da mutanen Gabas ta Tsakiya. Dattijon da bai taɓa hawa jirgi ba, ba ya jin Turanci, kuma al'adarsa ta hana shi zuba wa mace ido, duk alamomin nan zai nuna su.

Akwai kuma ƙofar da ta fi tayar mini da hankali, wadda kallon fuskar fasinja ba ya tsare ta ko kaɗan. Jirgin Rasha da ya tarwatse a Sina'i ranar 31 ga Oktoba 2015 da mutum 224, bam aka saka masa tun a filin jirgin Sharm el-Sheikh na Masar, kuma zargi ya fi karkata ga masu aiki a filin. A Fabrairun 2016 a Mogadishu, kyamara ta nuna wasu mutum biyu a cikin filin jirgi, bayan shingen bincike, suna miƙa wa wani maharin da zai shiga jirgi kwamfutar da aka ɗana wa bam. A nan gida, kowa ya tuna ɗalibar nan da ta tafi Umara daga Kano a Disambar 2018, aka kama ta a Saudiyya saboda jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Ta shafe wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito, hukumar NDLEA ta kama wasu masu aiki a filin jirgin. Da ɗan gari akan ci gari. A 2015 masu binciken cikin gida na gwamnatin Amurka sun gwada shigar da makamai da bama-baman bogi ta shingayen TSA, aka ruwaito sun yi nasara sau 67 cikin 70. Inda gyara yake ke nan: horar da ma'aikata, na'urori masu kyau, tantance duk mai katin shiga wurin jirage.

Yanzu zan dawo da batun mutunci da na ajiye, domin shi ma tsaro ne. Bayanin da ya fi kowanne daraja a labarin Umar Faruk daga bakin uba Musulmi, Bahaushe, ya fito. Irin wannan bayani amana ce ke kawo shi. Al'ummar da ake yi wa kuɗin goro kullum, ana kunyata dattawanta a gaban jama'a, wa zai sake takawa ya kai rahoton ɗansa ko maƙwabcinsa? An tsare Shah Rukh Khan a filayen jirgin Amurka a 2009 da 2012 da 2016. A 2016 an sauke wani ɗalibi ɗan asalin Iraƙi daga jirgi a Kalifoniya bayan wata fasinja ta ji yana waya da Larabci. A shekarar dai aka jinkirta wani jirgi don ana zargin wani farfesa ɗan Italiya mai duhun fata da rubuta baƙon rubutu, ashe lissafi yake yi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya ƙara wa kowa tsaro.

Kuma mu ji tsoron Allah, mu ma muna yi. A Yunin 2014 sojoji sun tsare matafiya 'yan Arewa 486 a jihar Abiya bisa zargin Boko Haram. A Maris 2025 a Uromi ta jihar Edo aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano, an yanke musu hukuncin masu garkuwa da mutane tun kafin a saurare su. A kasuwanninmu na Arewa kuma, sau nawa ake ganin Bafulatani da sanda a fara raɗa? Lissafin amininka ne dai, an canja wanda ya faɗa kansa.

Akwai wariyar da ta halatta, kada a rikita su. Idan bayanan sirri suka ce ana neman wani mutum takamaimai, mai shekaru kaza, dogo, baƙi, ya taso daga gari kaza ranar kaza, to kamanninsa sun zama siffar wanda ake nema, ba laifi a yi aiki da su. Haka abin da mutum ya aikata: ƙasashen da ya ratsa, yadda ya biya tikiti, tikitin zuwa babu na dawowa, bayanin da ya ci karo da takardunsa. Waɗannan aikinsa ne, zai iya bayani a kansu. Fatarsa da sunan da aka raɗa masa ranar suna ba aikinsa ba ne.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya same ka. Mai yiwuwa ido ne ya ware ku, hakan na faruwa. Mai yiwuwa kuma kwamfuta ce, musamman in ka sayi tikiti da tsabar kuɗi, ko a ƙurarren lokaci, ko ka ratsa wata ƙasa da ake sa wa ido, abin da 'yan kasuwarmu suka saba yi. In za ka Amurka ka ga an buga SSSS a katin shiga jirginka, alama ce tun kafin a ga fuskarka aka zaɓe ka. Idan abin ya riƙa maimaituwa a tafiyar Amurka, akwai shirin gyara na ma'aikatar tsaron cikin gidansu mai suna DHS TRIP, ana cike shi ta intanet, su ba ka lamba da za ka riƙa sawa lokacin sayen tikiti. Yana taimaka wa masu suna irin namu da kan yi kama da na wani da ake nema.

Ran da aka sake fitar da kai daga layi, kada ka ɗaga murya, kada ka yi wasa da kalmar bam ko da raha. Kana iya neman a lalube ka a keɓe, kuma namiji ya yi, mace kuma mace. Ka riƙe lokaci, da lambar ƙofa, da suna ko lambar ma'aikacin, in ka isa masauki ka rubuta ƙorafi ga hukumar filin jirgin da kamfanin jirgin, domin da irin waɗannan takardu ake gane ma'aikacin da ya mayar da abin ɗabi'a. Sannan, Alhaji, ka tsaya a kan kayanka har a auna su, ka ƙirga takardun shaidar kaya da aka liƙa maka, ka tabbatar sun yi daidai da yawan jakunkunanka, kuma kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na wane ne.